Layin da na sa yayana

Shekarun baya, da ɗan dama yanzu, ina ajin ƙarshe a jami'ar nan ta garinmu Wudil, ina karanta ƙididdiga. Duk wanda ya yi ajin ƙarshe ya san yadda mutum yake komawa: ka rame, ka yi baƙi, wanda duk ya tambaye ka yaushe za a gama ka ji kamar ka rufe shi da duka. Ni kuma a gida nake kwana, a Sabon Gari, don haka ko na gudo daga makaranta tambayar tana nan tana jira na a tsakar gida.

Malamin da aka ba shi duba aikin bincikena ya ce kowa ya kawo batu daga inda yake zaune, kada wanda ya kwaso masa na intanet. Na yi sati biyu ina yawo da kai fayau. A ƙarshe mahaifiyata ce ta ba ni batun, ba tare da ta san ta ba ni ba.

Yayana, ɗanta na fari, direban tifa ne, yana ɗebo yashi daga bakin kogi. Yana shan taba tun ina firamare. Duk gidan an sani, kuma babu wanda ya taɓa furtawa. Bai taɓa kunna ta a gida ba. Kafin ya shigo sai ya tsaya a ƙofa ya kuskure baki, ya jefa kanumfari, sannan ya yi sallama. Amma tari ba ya kuskuruwa. Kullum da asuba sai ya yi shi, mai tsawo, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, har kajin gidan sun saba.

Mahaifiyata kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. In tana son ya ji wani abu, ni take gaya wa, ko ta gaya wa bango yana kusa. Wata rana da hantsi tana tsintar wake, ina gefe da littafi ina yi kamar ina karatu, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Wannan lissafin naka, ba ya iya nuna wa mutum abin da yake cutar da shi?"

Na ce, "Yana iyawa mana, Umma."

"To ka nuna wa yayanka. Ni bakina ba zai iya ba. Ku 'yan boko in kun sa abu a takarda ana jin tsoronsa."

Ban taɓa jin karatuna ya yi daraja kamar ranar ba. Washegari na kai wa malamina batu: kwatanta yawan masu fama da doguwar tari tsakanin masu shan taba da waɗanda ba sa sha. Ya karɓa nan take.

A takarda aikin ba shi da wuya. Za ka raba mutane gida biyu, masu sha da marasa sha. A kowane gida ka duba kaso nawa ne tari ya daɗe yana damun su. Sai ka fara da ɗauka cewa babu wani bambanci tsakanin gidajen biyu, kamar yadda alƙali yake ɗaukar wanda aka kawo gabansa bai yi laifi ba sai an kawo shaida. Daga nan lissafi zai ba ka lamba ɗaya, wadda take gaya maka: in da gaske babu bambanci, yaya sauƙin a ga tazara irin wadda ka gani bisa dace kawai? Idan lambar ta faɗo ƙasa da kashi biyar cikin ɗari, sai ka yi watsi da zatonka na farko, ka ce akwai bambanci. Idan ba ta faɗo ba, sai ka kama bakinka. Na haddace wannan sarai, sai dai wajen kama bakin ne na gaza, kamar yadda za ku ji.

Na buga fom, tambayoyi kaɗan, manyan ciki biyu: kana shan taba, kuma kana da tarin da ya daɗe. Da yake ni ɗan gidan mutunci ne, ban yarda in riƙa tare mutane a hanya kamar mai tallan magani ba. Na bi ta hannun manya. A unguwarmu na je majalisu bayan la'asar, na durƙusa na gai da dattawa, na yi bayani, suka sa albarka. A ƙauyen Utai kuwa wani abokina ɗan can ne, ya kai ni wurin kawunsa, dattijo mai faɗa a ji. Bawan Allah ya karrama ni fiye da yadda na cancanta. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ya aika aka kira magidanta, kafin ka ce me wuri ya cika, uba ga ɗansa, suruki ga surukinsa. Yawancinsu suka ce in karanta musu kawai su amsa, ni in rubuta.

Haka na zauna a tsakiya, da biro a hannu, ina ɗaga murya don na baya su ji.

"Baba, kana shan taba?"

"A'uzubillahi. Ni?"

"To tari fa, yana damun ka?"

"Wannan kam akwai shi, ɗan nan. Rubuta da kyau, ko Allah zai sa a kawo magani."

Akwai wani mai jar hula da ba na mantawa. Leɓensa baƙi ƙirin, yatsunsa biyu sun rine, yana magana yana danne tari. Ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ko riƙe karan sigari ba. Wani tsoho a gefensa ya gyaɗa kai. Na ga leɓen, na ga yatsun, na kuma rubuta abin da ya faɗa, saboda an koya mana ba a canza wa mai amsa amsarsa. Na dawo gida ranar da fom cike da jaka ina jin babu gwani kamata.

Da na zo ƙirgawa sai na ga masu sha ba su taka kara sun karya ba. Sai na nufi tasha, na samu samarin nan da ba sa ɓoye wa kowa, waɗanda suke busa hayaƙi ko gaban wa. Suka amsa mini suna dariya. Yawancinsu ba su daɗe da farawa ba, ƙirjinsu garau, ko atishawa babu.

Fom ɗin yayana kuwa da wayo na cika shi, a ganina. Na bari sai da ya durƙusa a ƙofar ɗakin Umma da safe yana gaishe ta, na fito da takarda.

"Yaya, aikin makaranta ne, kowa ana tambaya. Kana shan taba?"

Na ji cokalin da Umma take juya koko da shi ya tsaya a bayan labule. Yaya ya kalli labulen, ya kalle ni.

"Ba na sha."

"Tari fa?"

"Akwai ɗan tari. Ƙurar yashi ce."

Na rubuta. Na sa shi a layin marasa sha, da tarinsa da komai.

Ranar da na zuba lambobin a kwamfutar abokina, abin da ya fito ba shi na zata ba. Kason masu tari a gidajen biyu kusan ɗaya, lambar hukuncin kuma ta yi sama can, ko kusa da kashi biyar ba ta zo ba. Na sake da kalkuleta sau uku, ko na'urar ce ta ruɗe. Ba ta ruɗe ba. Kada ku tambaye ni lambobin, na daɗe da roƙon Allah ya mantar da ni su, kuma ya amsa.

Da yamma ina zaune da takardar a cinya, Yaya ya shigo da ƙamshin kanumfarinsa.

"Malam mai lissafi, me aka gano?"

A nan ya kamata in kama bakina. Maimakon haka sai gajiya da son a san na yi aiki suka sa na ce, "Lissafi bai nuna bambanci ba."

Ya karɓi takardar ya duba, duk da na san babu abin da ya gane a ciki sai sunana. Ya taka har ƙofar ɗakin Umma, ya ajiye ta a bakin labule, ya ce da ni da ƙarfi, "Ka gaya wa Umma ga sakamako ya fito. Boko ya ce babu komai." Hannunta ya fito ya ɗauke takardar. Daga baya na ga ta ninke ta ta sa a ƙarƙashin kwanukanta na kabad. Kwana biyu ba ta haɗa ido da ni ba. Tamkar ta aike ni in ɗebo mata ruwan kashe wuta ne, na dawo na zuba wa wutar kananzir. Ban taɓa jin na zama banza irin lokacin ba.

Malamina mutum ne mai sanyin magana, ba ya faɗa, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Da na kai masa sakamakon, ya daɗe yana kallon jadawalin lambobin, sannan ya ce:

"Lokacin da kake tambayar su, wa yake zaune a wurin?"

Na ce da alfahari, "Dattawan gari, Malam. Ta hannunsu na bi."

"Da ƙarfi kake tambaya?"

"E, Malam, don kowa ya ji."

Ya cire tabarau ya murza ido. "To kai ba shan taba ka auna ba. Kunya ka auna. Duk mai sha da yake da wanda yake jin nauyi, ka kwashe shi da tarinsa ka zuba a layin marasa sha. Waɗanda suka rage maka a ɗaya layin yara ne da ba su daɗe da farawa ba. Ta ina bambanci zai fito?"



"Kuma ko da bayananka na gaskiya ne," in ji shi, "wa ya ce maka rashin samun shaida shi ne tabbatar da babu laifi? In alƙali ya sallami mutum don ba a kawo shaida ba, cewa ya yi ba a kawo shaida ba. Ina fata dai ba ka je ka gaya wa kowa taba ba ta sa tari ba."

Na ce a'a. Ƙaryar da na ƙara ke nan a kan tulin da ke cikin jakata.

Daga ofishinsa bakin kogi na wuce, rana tsaka. Masu nutso suna fito da yashi a bokiti suna juyewa a kwalekwale, wasu suna loda wa motoci da shebur. Na hango Yaya a inuwar tifarsa, zaune a kan taya, sigari a hannu. Shekara da shekaru ina jin warin, amma ranar na fara gani da idona. Da ya gan ni ya kai hannun baya, sai kuma ya ga babu amfani, ya dawo da shi.

Na ce, "Yaya, takardar nan da ka kai wa Umma ba gaskiya ba ce."

Ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ni za ka gaya wa? Ai da ni aka yi ta. Mutumin Utai mai jar hula da ka ce ya burge ka, in ya shigo gari a wurina yake karɓar ashana. Tsohon da ke gefensa uban matarsa ne. So kake ya ce me?"

"To tunda ka sani, me ya sa ka kai mata?"

Ya juya ya kalli ruwa. "Kai barcinka nauyi gare shi, ba ka ji. In na fara tari da asuba, sai in ji ta tsayar da carbi, ba ta ci gaba sai na gama. Kullum. Na ce ko takardarka za ta sa ta huta na sati ɗaya."

Na zo da faɗa cike da baki, sai na rasa inda zan sauke shi. Na zauna a ƙasa kusa da tayar, na gaya masa sai na sake aikin daga farko, kuma ban san yadda zan sa mutane su faɗi gaskiya ba. Ya take guntun sigarin da takalmi, ya ce in zo gobe da fom.

Gaban tifarsa ya zama ofishina. Ya samo wata tsohuwar jarka ya yanka mata baki. Mutum ɗaya zai hau, a rufe ƙofa, a ɗaga gilashi, in tambaye shi a hankali, babu suna, ya ninke takardar da hannunsa ya jefa a jarka. Yaya yana tsaye a ƙasa yana cewa, "Ƙanina ne, ba ya kai rahoto." Direbobi, masu nutso, masunta, masu sha da marasa sha, duk haka na bi su. Sannan na koma unguwarmu da Utai, wannan karon ba tabarma ba taro, gona gona, shago shago, ina jiran mutum ya zama shi kaɗai. Mai jar hula na same shi yana cirar ciyawa a gonarsa. Ban gama tambaya ba ya ce, "Rubuta ina sha. Ranar ai ka ga wanda ke zaune."

Sati biyar na yi a haka. Zafin gaban motar nan da gilashi a rufe, Allah kaɗai ya sani. Na ƙara ramewa, takalmina ya rabu biyu, kayana duk suka ɗauki warin hayaƙin mutane. Wata rana na wuce ta gaban Umma sai ta ja hanci, ta ce a hankali, "Kai ma?" Sai da na rantse mata.

Fom na ƙarshe na Yaya ne. Ya hau ya zauna a kujerarsa ta direba, ya rufe ƙofa, ya ce, "Tambaye ni." Na tambaye shi. Ya ce yana sha, ya faɗi shekarun, ya ce tarin kuma ya fi yadda muke ji a gida, don yana dannewa. Ya ninke ya jefa.

Wannan karon lambar ta faɗo ƙasa sosai. Kason masu tari a cikin masu sha ya yi wa ɗayan nisa, irin nisan da ba a cewa dace ne. Na yi watsi da zaton farko kamar yadda littafi ya ce, na kare aikina a gaban malamai, na ci. Na yi zaton zan yi murna, amma abin da na ji kawai shi ne ina son in kwanta.

Na kai wa Yaya sabuwar takardar a bakin kogi, na yi masa bayani dalla dalla. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla, ka ci jarrabawarka." Ya sa ta a aljihu. Ban yi taku goma ba na ji ƙarar ashana a bayana.

Saura Umma. Na same ta da hantsi a inda muka fara maganar, na durƙusa na ce takardar da ke cikin kabad ɗinta kuskure ce, laifina ne, ga ta gaskiyar.

Ba ta miƙo hannu ba. Ta ce, "Na sani tun ranar. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, wace takarda ce za ta gaya mini abin da nake ji?"

"To Umma, me ya sa kika ajiye ta?"

"Mutum da gemunsa ya tako har ƙofata ya yi mini ƙarya don hankalina ya kwanta. Ai da sauran kunyata a idonsa. Ita kaɗai ta rage mini da nake riƙe shi da ita. In na mayar masa da takardar, na ce na san yana sha, gobe a tsakar gidan nan zai kunna." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ka bar taka a wurinka. Ka yi ƙoƙari."

Haka aka ci gaba. Yana kuskure baki a ƙofa, tana tsayar da carbi da asuba, ni kuma ina da kwalin digiri da sakamakon da kowa ya yarda da shi kuma bai canza komai ba. Shekara huɗu a haka, har Allah ya yi wa Umma rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Da matan gida suke kwashe kayan kabad ɗinta, aka samu takardar a ƙarƙashin kwanuka, ta yi laushi a wurin ninkin.

Yaya bai ƙara shan taba ba tun satin da aka yi rasuwar. Ban tambaye shi ba sai da aka daɗe, muna zaune a ƙofar gida. Ya ce bayan an share makoki, mutane sun watse, ya zauna a tsakar gida ya ciro kara ɗaya ya kunna, karo na farko a cikin gidan, tunda babu sauran wanda zai ɓoye wa. Ya ja sau ɗaya, ya kalli labulen ɗakinta, ya kasa ja na biyu.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma duk shekara sai na zo kan wannan darasin na gwada kaso biyu. Ina rubuta ƙa'idar a allo, yara suna kwafa, ina gaya musu lissafin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kwamfuta ma za ta yi musu. Abin da ba za ta yi musu ba shi ne ta duba wa yake zaune a gefen mai amsa. Ina kuma gaya musu in lamba ba ta faɗo ba su kama bakinsu. Suna dariya, suna ɗauka barkwanci ne. Ni kuwa duk ranar da na koyar da shi a gajiye nake komawa gida, gajiyar da ba ta tsayuwa a gaban allo ba.

Yaya ya bar tuƙin tifa, numfashinsa ba ya ɗaukar ƙurar, yana zaune a shagon bulo. In likita ya tambaye shi ko yana shan taba, sai ya ce ba ya sha, kuma yanzu gaskiya yake faɗa. Tarin dai yana nan, kullum da asuba, sai dai babu carbin da yake tsayawa saboda shi. Wani lokaci in na kwana a gidan na ji shi, sai in tuna fom ɗinsa guda biyu, in rasa a wane layi zan sa shi yau.